Ranar da na ji ƙarshen taken

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Hannatu, amma mutanen garinmu Gabi Inna Tani suka sani. Ku yi haƙuri in muryata ta yi rawa, har yanzu in na tuna sai gabana shi hwaɗi.

Ubana hanyar kakanni ya bi har ya mutu, kuma mutumin kirki ne, ba zan ɓata shi ba. Ina budurwa ciwo ya kwantar da ni, aka yi mani girka, aka shigar da ni bori. Na zama godiyar da ɗaya daga cikin iskoki ke hawa, wanda ba zan kira sunanshi cikin ɗakin Ubangiji ba. Kowanensu da takenshi. In mai goge ya ja nawa, sai sanyi shi kama mani tahin ƙahwa shi yi ta hawa, in yi hamma, daga nan ban san inda nike ba. Sai daga baya a gaya mani na yi tsalle na dire ƙasa, na watsar da duk abin da ke hannuna.

Da na karɓi Yesu aka ƙone kayan borin, aka yi mani baftisma, na zamna lahiya shekara da shekaru. Goge ba shi da ƙahwa, sai mutum ya ɗauko shi. In na jiyo shi daga nesa, sai in sake hanya.

Sai ga salula ta shigo gari. Wasu samari mawaƙa suka ɗauki tsohon taken nan, suka ɗora mashi kiɗan zamani da zancen soyayya, ƴan yara suna ta rawa ba su san wa ake kira ba. Na hwara jin shi kasuwar Madarunfa, wajen masu kihi. Na saki ƙwaryata na ruga kamar wadda ta yi sata. Daga ranar nan abin ya shiga aljihun kowa, mai kabu-kabu da mai shayi har da mai tura amalanke. Na bar zuwa kasuwa, na bar biki da suna. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu shikai.

Kun tuna gardamar da aka yi nan bayan sujada. Dattijo Bawa ya ce kiɗan duniya duk na Shaiɗan ne, a tara abin da yara ke sa waƙa a ciki a cinna mashi wuta. Ƴan mawaƙanmu suka ce goge ai ƙwarya ce da hwata da gashin wutsiyar doki, to gangar da mukai ma Allah yabo da ita fa? Ni ina zamne ina kallonsu, duk cikinsu babu wanda aka taɓa hawa. Tsorona ɗaya ne, kada a ce har yanzu igiyar bori tana wuyana, ruwan baftisma bai tsinke ta ba.

Da rani mijin ɗiyata Rahila ya tahi Najeriya neman aiki. Zazzaɓi ya kama Rahila, ya kama jaririyarta Tabita, yarinya ta ƙi nono, jikinta rau kamar garwashi. Dole mu kai su gidan likita Madarunfa. Muka samu buɗaɗɗiyar mota ta ƴan kasuwa. Aka sa Rahila gaba don jiri take gani, ni na hau baya bisa buhunan wake, can baki-baki, Tabita na ƙirjina.

Mota na cikin gudu wani saurayi da ke gabana ya hiddo ɗan akwatin kiɗa ya kunna. Ja ɗaya gogen ya yi na gane shi.

Wayyo ƴan'uwa! Na so in ce ya kashe, harshena ya yi nauyi. Na so in buga ma direba, hannuwana biyu na riƙe da yarinya. Sanyin nan da na manta ya kama tahin ƙahwata. Na dubi ƙasa tana wucewa da gudu, na san abin da nike yi in an hau ni. Tsalle nike yi, kuma ban taɓa direwa da abu a hannu ba.

Sanyi ya kai gwiwa. Hamma ta taso, na cusa bakin gyalena na cije. Tun da baki ya ƙi, sai na yi magana cikin zuciya, na ce, "Yesu, in ni taka ce, riƙe hannuwan nan. In ma ban zama taka ba, ka riƙe su saboda wagga yarinya, ita ba ta yi ma kowa alkawari ba."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan ƙara gishiri ba. Sanyin ya haura ciki, ya zo daidai inda Tabita ke kwance da zahinta, ya tsaya. Gumi na zuba, haƙorana na kaɗawa, amma idona na gani. Ina ganin buhu, ina ganin wata baiwar Allah da ke gehena ta kama mani zane tana cewa sannu Inna.

Can sai na ji kiɗan ya juya ya shiga wani wuri da ban sani ba. Na ce wata waƙa ce aka sa. Ashe ita ce dai. Ni da na yi rabin rayuwata ƙarƙashin wanga take, ban taɓa jin ƙarshenshi ba, kullum ana tsakiya hankalina ke gushewa. Gogen ya sauka a hankali, ƙwarya ta ɗan buga, ya yi shiru kamar kowane kiɗa. Tabita na nan a ƙirjina tana numhwashi.

Saurayin ya kai hannu zai maimaita. Na ji bakina ya buɗe, na ce, "Ɗana, don Allah kashe, jikata ba ta da lahiya." Ya kashe, har da ba ni haƙuri. Yaron kirki, bai san inda ya kusa kai mu ba.

Likita ya yi masu allura su duka. Ga Tabita can bayan uwarta tana jan ɗankunnen mutane.

Ban zo raba gardamarku ba. Dattijo, ka yi gaskiya, akwai kiɗan da aka yi don kira, kuma ni ba zan sa shi ɗakina ba har in mutu. Ku kuma ƴan samari, kahin ku kunna abu gaban tsohuwa ku tambaye ta, ba ku san abin da kunnenta ya sani ba. Amma in da mai irin tsorona a nan, wanda ke jin kamar an bar wata igiya ba a yanke ba, shi dogara ga Yesu ko da bakinshi ya kasa buɗewa.

Na gode ma Ubangiji da dukan raina. An kira ni da taken da ban taɓa ƙin amsawa ba, na zamna inda nike, kuma na sauka daga motar nan da jikata a hannu. Yabo ga sunan Yesu. Amin.