Shinkafar da nake ajiye wa Mama

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku. Sunana Rifkatu, 'yar Kafanchan ce ni, a nan garin Alexandria nake zaune.

Kafin in zo ƙasar nan, a Japan na yi karatu. Makaranta ta sauke ni a gidan wata tsohuwa mai kirki don bakina ya faɗa da yarensu. Ni kuwa ba na yin abu rabi-rabi. Na koyi rusunawa, na koyi cin abinci da tsinke biyu irin nasu, har mafarki nake da Japananci.

Tsohuwar tana da wani ɗan kabad a falo, da hoton mijinta marigayi a ciki. Kowace safiya sai ta ajiye masa shinkafa da shayi, ta ba shi labarin gari.

Ina can aka bugo waya cewa Mama ta rasu. Jarrabawa ta tsare ni, aka binne ta ban je ba. Hawaye ya ƙi zuwa. Tsohuwar ta ji tausayina, ta matsar da hoton mijinta, ta ce in sa na Mama a gefe. Da zuciya ɗaya ta yi, ba na zarginta.

Na sami sauƙi, shi ya sa da na samu aikin fassara a nan na taho da al'adar. Kullum kafin in fita kama jirgin ƙasa sai na ajiye wa Mama shinkafa, mu yi hira.

Sannu a hankali aka fara amsa mini. Ina wanke kwanuka da rana tsaka sai in ji jan silifas a bayana, irin tafiyarta. Na daina cin abinci sai shinkafarta ta huce. Na daina zuwa sujada don kada in bar ta ita kaɗai. Na rame, hankalina yana barina, ina ji ina gani. Tsoro nake ji, amma tsoron kada ta tafi ya fi yawa.

Wata ranar Asabar Mama Ladi, shugabar zumuntar mata, ta tuƙo mota daga garin Bowie ta zo dubana. Ta kalli kwanon shinkafar, ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "'Yata, da wane yare take amsa miki?"

Na ce, "Da Japananci, Mama."

Ta ce, "Uwar taki da ko Turanci sai an fassara mata a asibiti? Yaushe ta shiga makaranta?"

Ban taɓa tambayar kaina ba.

Ta kama hannuna muka durƙusa a kicin. Ta yi addu'a da Hausa, ni kuwa abu ɗaya na iya faɗi: "Yesu, ka riƙe mini ita, na gaji." Sai kukan da ban yi ba tun daga Japan ya ɓalle. Na yi har muryata ta dushe.

Daga ranar gidana ya yi tsit. Ba zan ɓoye muku ba, shirun yana da zafi, amma ina barci, ina ci.

Godiya ta tabbata ga Ubangiji! Mai ɗauke da kewar da ta fi ƙarfinsa, ya miƙa masa, hannunsa ba ya saki. Ni dai yau na iya faɗin abin da bakina ya daɗe yana gudu: uwata ta rasu, tana wurin Yesu, ba ta gidana. Amin.