Takin da Muka Shafe Bango da Shi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina yi maka fatan alheri. Ni ne Malam Sale, manomi daga Sundimina.

Tun can baya, shekarar da gyaɗa ta lalace, gwamnati ta ce kowa ya koma gona, ta aiko mana da takin zamani. Mu kuwa ba mu san shi ba. Da na ga fari ne fat, sai na ba mai ɗakina ta jiƙa ta shafe bango. Shugaban ƙungiyarmu ta manoma, marigayi Baba Ɗanjuma, ya gani ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Sale, a bango za ka shuka dawar?" Sai ya raba gonarsa ta bakin hanyar kasuwa biyu, ya zuba wa rabi takin. Da kaka ta yi, kowa ya gani da idonsa. Allah ya jiƙansa.

Yanzu an ce za a farfaɗo da tattalin arziki, amma 'yan kwangila kaɗai aka kira taro, ƙungiyarmu ko takarda ba ta samu ba. Masu sauraro, ina za mu kai kukanmu? Yau mun san amfanin takin, amma ko buhu ɗaya ba ya isowa garinmu.