Ranar da Laraba ta kai ƙarata wurin Allah

Ina gaishe ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ne Baba Ishaku tela, na Unguwar Gabas. A aji biyu na bar makaranta, malamin ma ya yi murna, don haka ku yi haƙuri da rubutuna.

Kun san ƙodata ta gaza, ana yi mini wankin ƙoda da inji a asibiti sau biyu a mako. Abin da ba ku sani ba, duk ranar da aka ɗora ni kan injin, idona na dama sai ya yi kamar zai fashe. Fitila ta zama bakan gizo, kai na sarawa. Na hagu kuwa tuni ya yi ritaya. Tela ba ido, me ya rage masa?

Na ɓoye! Tsorona kada a cire ni daga injin a ba wani gadona. Na sayi baƙin tabarau a kasuwar Sabon Gari, ina kwance kamar ɗan siyasa. Matata Laraba ta gane, na sa ta yi alkawari ba za ta faɗa wa likita ba.

Ta cika alkawari kuwa. Wata Talata ta durƙusa gefen gadon, nas tana tsaye, ta ɗaga murya har ana ji a Samaru:

"Ya Uba, ga tsohon nan mai taurin kai. Wata uku idonsa na ciwo a kan injin nan, ya hana ni faɗa wa likita. Kai nake faɗa wa!"

Na ce, "Laraba, rage murya, Allah ba kurma ba ne."

Nas ta ce, "Ni ma haka. Baba, cire tabarau."

Likitan ido ya auna, ya ce hawan jinin ido ne, wankin ke tayar da shi. Da na ƙara jinkiri, da idon ya tafi. Na yi kuka kamar yaro. Aka ba ni maganin ɗigawa, aka rage wa injin gudu, ana auna idon a kai a kai.

Halleluya! Ciwon ya kwanta. Jiya na zura zare a allura da kaina, sau ɗaya tak.

Na gode wa Yesu da ya ji Laraba, ya kuma buɗe kunnen nas. Ku dogara gare shi, ku faɗa wa likita gaskiya. Mai buƙatar baƙin tabarau ya same ni bayan sujada, kyauta ne.