Yadda Ubangiji Ya Wanke Sunana a Kasuwar Kifi

'Yan'uwana cikin Kristi, ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Cetonmu. Salamarsa ta sauka a kan kowane gida da ke zaune a nan.

Yawancinku kun san ni. Saboda baƙinmu, sunana Rifkatu, amma a kasuwar kifi ta Haɗejiya Maman Dauda ake ce mini. Shekara goma sha tara ina bandar kifi. Masunta su kawo mini tarwaɗa da karfasa daga fadama, in gyara, in banda, in cika kwali in aika Kudu. Da kifin nan na riƙe 'ya'yana tun rasuwar babansu. Ba ni da gona, ba ni da shago. Jarina ɗaya ne: kowa ya san kifin Maman Dauda ba a sa masa magani.

Kun dai san yadda ƙwari ke yi wa busasshen kifi. Wasu marasa tsoron Allah maganin ƙwari fiya-fiya suke zuba masa. Ni kuwa ruwan barkono da gishiri nake shafawa in mayar kan wuta, kamar yadda kakata ta koya mini. Da tsumma ake yi, ɗaya bayan ɗaya, har hannu ya yi ta raɗaɗi.

Bara sai wayona ya yi mini yawa. Na shiga shagon kayan gona na sayi famfon feshi, irin wanda manoman shinkafa ke goyawa a baya, sabo fil a ledarsa. Na tace ruwan barkonona na zuba, na goya, ina fesa wa kifi a tsakiyar kasuwa har ina taƙama. Ban tsaya na tambayi kaina abin da mai wucewa zai gani ba. A ƙasar nan duk wanda ya ga famfon nan, maganin ciyawa ne ke faɗo masa a rai.

Akwai wani magidanci mai yawo da waya yana ɗaukar bidiyo don tara mabiya a shafinsa. Ba zan faɗi sunansa ba. Daga nesa ya ɗauke ni, bai zo ya tambaye ni komai ba. Ya rubuta cewa ga matar da ke fesa wa kifin jama'a guba, ya sa sunana, ga fuskata ƙuru-ƙuru.

Cikin kwana uku masu saye daga Kudu suka bugo ɗaya bayan ɗaya suna cewa in dakata. Kwali goma sha biyu aka dawo mini da su daga tasha. Wata mata ta fizge hannun 'yarta daga gaban rumfata kamar ta ga maciji. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin. Kun san bakina ba shi da linzami. Na shiga ƙarƙashin bidiyon na wanke mutumin tas, na haɗa da danginsa, na bi masu sharhi ina ramawa. Mutane suka ce, kun ga, borin kunya take yi. Ku kuma matan zumunta kuka yi ta tura bidiyon guruf-guruf kuna cewa a taya Maman Dauda addu'a. Kada ku sunkuyar da kai, na san da ƙauna kuka yi. Amma mu da kanmu muka kai shi inda mai shi bai kai ba.

Kwana tara hayaƙi bai tashi a gidana ba. Na daina zuwa sujada. Na yi fushi da Allah, ina faɗa a gabanku. Rana ta goma da la'asar na ɗaura gyale a ƙugu zan tafi gidan mutumin, a yi wadda za a yi. Zan wuce ta wurin banda sai na ga tokar ta yi sanyi, kaji suna tono a ciki. Na durƙusa a cikin tokar nan na ce, “Ya Yesu, kai ma an yi maka shaidar zur. Ka san ban sa guba ba. Na yi yaƙin nan da bakina na ƙara ɓata shi. Ga sunana, ka karɓa, na gaji.”

Ban ji wata murya daga sama ba. Fushin ne kawai ya sauka, na kwance gyalen na zauna ina kuka.

Ina nan zaune sai na ji sallama. Maƙwabciyata ce Hajiya Kaltume, wadda katanga ɗaya ta raba mu shekara da shekaru, tare da 'yarta Zainab, lauya ce a Dutse, ta zo ganin gida.

Hajiya ta ce, “Maman Dauda, tashi ki kakkaɓe jikinki. Kifinki muke ci a gidan nan tun Zainab tana firamare. Da da guba, da ba ta zama barista ba.”

Zainab ta karɓi wayata ta duba ta ce, “Mama, daga yau kada ki ƙara rubuta ko kalma ɗaya. Kada kuma ki goge komai tukuna.”

Na ce, “'Yar nan, ni so nake bidiyon ya ɓace yanzu-yanzu.”

Ta ce, “Idan ya ɓace kafin mu adana shi, da me za mu kama shi? Shaida tukuna.”

Ta ɗauki hoton shafin da ranar da aka sa bidiyon da duk abin da aka rubuta. Ta sa aka kai kifina da ruwan famfon ɗakin gwaji, takarda ta fito babu guba. Ta rubuta wa mutumin wasiƙa: ya sauke bidiyon cikin kwana bakwai, ya fito ya janye maganarsa, in ba haka ba a haɗu a kotu kan ɓata suna. Ta kuma aika koke ga masu dandalin da aka sa bidiyon, haɗe da takardar gwajin, ta bi waɗanda suka kwafa suka sa a nasu shafukan. Ni kuma ta ce in roƙe ku ku goge naku, kun kuwa goge, Allah ya yi muku albarka.

Kwana huɗu da kai wasiƙar, sai ga mutumin da kawunsa da wani dattijon unguwarsu, sun zo ban haƙuri. Suka zauna a zauren Hajiya. Kawun ya ce, “Baiwar Allah, ya yi kuskure, ya sauke abin. A rufa wa juna asiri, magana ta mutu a nan.”

Kun san mu, idan manya suka tako ƙafa, kunya ba ta barin mutum ya ce a'a. Har na buɗe baki zan ce ya wuce. Zainab ta riga ni, cikin ladabi ta ce, “Baba, mun gode da zuwanku. Amma ba a zaure aka ɓata ta ba. Mutanen Kudu ba za su ji abin da aka faɗa a kan tabarmar nan ba. Inda ya faɗi ƙaryar, can zai faɗi gaskiyar.”

Dattijon ya gyaɗa kai ya ce yarinyar ta fi su gaskiya.

Ranar kasuwa mutumin ya zo rumfata, aka riƙe masa wayarsa ana ɗaukar bidiyon da zai sa a shafinsa. Ya faɗi sunana, ya ce ƙarya ya yi, bai bincika ba. Ya ɗaga takardar gwajin. Sannan ya ɗauki tarwaɗa guda daga cikin kwalin da aka dawo mini da shi, ya ɓare ya ci a gaban jama'a. Barkonon ya kama shi, hawaye na zuba, yana ci yana neman ruwa. Kasuwa ta kwashe da dariya. Ni na miƙa masa ruwan da hannuna, kuma a nan na yafe masa har cikin zuciyata. Wannan ba halin Rifkatu ba ne, aikin Yesu ne. Halleluya!

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau akwai wayoyin da tsohon bidiyon ke ciki, kuma mutum biyu cikin masu sayena ba su dawo ba. Amma sauran sun dawo, har da sababbi. Makon jiya na aika kwali ashirin.

Na gode wa Ubangiji da ya rufe bakina ya buɗe mini ƙofar maƙwabta. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan an ɓata sunanka a waya, kada ka rama da zagi, kada kuma ka shige ɗaki ka mutu da baƙin ciki. Ka durƙusa tukuna, sannan ka tashi ka nemi wanda ya san doka. Ka dogara ga Yesu. Wanda ya ɗaga ni daga cikin toka ba zai bar ka a ƙasa ba. Amin.