Jibin da Baban Rahila Ya Ƙi Ci

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, mata 'yan'uwana na zumunta. Sunana Marta, amma kun fi sanina da Maman Rahila. Ban yi makaranta ba, don haka ina faɗa ne, Rahila tana rubutawa. Idan kun ga magana ta yanke, kuka ne ya tare ni.

Wane ruwa ne ya wanke ni, wanda Fada ya zuba mini a ka ina jaririya, ko na kogin Challawa da na shiga da furfurata? Na tambayi manya, kowa ya ba ni tasa amsar, har yau ban sani ba.

A ƙauyenmu na kudancin Zariya aka haife ni, a gidan Katolika. Uwata ce ta goya ni, ta taka da ƙafa cikin damina har inda Fada yake, aka yi mini baftisma. Ba ta daɗe ba bayan haka ta rasu. Ban san fuskarta ba. Wannan ruwan ne kaɗai abin da ta bar mini.

Da na girma na auri Ishaku, ɗan mai bishara a wata ikilisiya dabam. A wajensu ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya yi hankali ya furta da bakinsa, sannan a nutsar da shi gaba ɗaya. A cocinsu aka ɗaura mana aure. A wajenmu kuwa, auren da ba a yi a gaban Fada ba yana hana mutum karɓar Jikin Almasihu. Yayana, wanda katikis ne, mai koyar da addini a cocin Katolika, ya gaya mini haka yana kallon ƙasa. Ƙofar cocinmu na gida ta rufe ke nan.

Bayan an canja kuɗi zuwa naira da 'yan shekaru, muka taho Kano. Ishaku ya fara dako a Bompai, daga baya ya sami aiki a wata masana'antar jimar fata a Challawa, muka kama ɗaki a Panshekara. Cocinmu a lokacin ɗan ɗaki ne na kwano.

Faston ya kira ni da ladabi. "Maman Rahila, ki shiga aji ki yi baftisma, ki riƙa cin Jibin Ubangiji tare da mu."

Na ce, "Baba Fasto, ai an yi mini."

Ya ce, "Wancan yayyafi ne, 'yata. Ba ki san ma an yi ba."

Ban musa masa ba, amma a raina na ce idan na shiga wani ruwa, na ce wa uwata tafiyarta ta banza ce. Na ƙi.

Ku tsofaffi kun tuna yadda ake yi. Ranar Lahadin jibi, bayan wa'azi, magatakarda zai tashi ya ce waɗanda ba su yi baftisma ba da waɗanda ke ƙarƙashin horo su fita. Sai in miƙe, mace da 'ya'ya, in bi layin yara da na waɗanda aka kama da laifi. Mu zauna a gindin darbejiya muna jin waƙa ta taga. Wayyo, kunya! Nakan ja gyale in rufe fuska kamar rana ce ta dame ni. Da abin ya ishe ni, duk Lahadin jibi sai ciwon kai ya kama ni tun da safe. Ishaku bai taɓa cewa ƙarya nake yi ba. Sai ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya ɗauki kekensa.

Yana da wata ɗabi'a. Burodin da yake saye a bakin masana'anta lokacin hutu, ba ya cinye shi. Sai ya ɗan gutsura ya naɗe sauran ya kawo mini, duk ya ɗauki warin fata. In ce, "Baban Rahila, wa zai ci wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Wadda ta auri warin."

Wata rana a wajen famfo, Maman Talatu, shugabar mata ta lokacin, ta matso kusa da ni. "Ke kuwa, me mijinki ya aikata ne?"

"Kamar yaya?"

"Au, ba ki sani ba? Shekara da shekaru faranti na wucewa ta gabansa, yana naɗe hannu. Fasto ya tambaye shi, ya ce bai shirya ba tukuna. An so a sa shi dattijon ikilisiya, amma yaya za a yi da mutumin da ba ya cin jibi? Namiji dai, ki bincika. Ko kwalba, ko wata a Sabon Gari."

Ni ina waje, yaya zan san abin da ake yi a ciki? Kuma ga abin da ya fi ci mini rai: na yarda da ita. Na riƙa sansana rigarsa ina neman warin giya ko turaren mace, ba na jin komai sai fata da ruwan jima. Na daina karɓar burodinsa. In ya ajiye, sai in ba kaji. Yana gani, amma bai fasa kawowa ba. Ni kuwa ban buɗe baki na tambaye shi ba.

Sai tari ya kama shi, irin wanda ya kama da yawa daga cikin masu aiki a wajen jiƙa fata. Wata rana da azahar abokin aikinsa, Malam Sale mutumin Gumel, ya kawo shi gida a kan keke yana riƙe da shi. Ya ce, "Uwargida, mutumin nan naki taurin kai gare shi. Tun safe nake cewa ya zauna." Asibiti suka riƙe shi, daga baya suka ce mu koma gida.

Da jiki ya yi tsanani, Fasto ya zo da dattawa biyu ranar Lahadi da yamma, da ɗan faranti da ƙaramin kofi, don ya ci jibi kafin ya tafi. Na tashi zan fita kamar yadda na saba. Ishaku ya riƙe bakin zanena.

Ya ce, "Baba Fasto, ku yi haƙuri, ba zan ci ba."

"Ishaku, lokaci ya ƙure. In akwai zunubi, ka faɗa, Yesu yana gafartawa."

Ya yi tari mai tsawo. "Zunubi akwai, kamar na kowa. Amma ba shi ba ne. A coci aka ce ni da ita mun zama jiki ɗaya. Can sun hana ta saboda ni, nan mun hana ta saboda su. Yaya zan ci tana gindin bishiya?"

Jama'a, da ƙasa ta tsage da na shige! Mutumin da nake sansana wa riga, ashe ni yake jira.

Na fita bayan ɗaki na durƙusa kusa da murhu. Ban iya addu'a mai tsari ba. Na ce, "Yesu, ka ga uwata a kan hanya, ka ga mijina a kan tabarma. Ban san wanda zan ba kunya ba. Ka taimake ni." Ban ji murya ba. Amma nauyin nan da ke ƙirjina ya sauka, sai na gane uwata ba wajen ruwa ta kai ni ba, wajen Yesu ta kai ni, kuma ba za ta yi fushi ba don na ƙara matsawa kusa da shi.

Na koma ciki da gudu. "Baba Fasto, ga ruwa a randa, ku yi mini yanzu!"

Idonsa ya cika da hawaye. "'Yata, ba ni da ikon yin haka. Sai an yi aji, sai an je kogi."

Ban riƙe shi a zuciya ba, abin da aka danƙa masa ya riƙe. Na durƙusa gaban Ishaku na ce, "Baban Rahila, na yi alkawari zan shiga ruwan. Don Allah ka ci. Kada ka tafi da yunwa saboda ni." Ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙa hannu ya gutsuri ɗan kaɗan, na tallafe masa kai ya kurɓa. Ya yi mini magana ɗaya. Bai sake magana ba har washegari da Ubangiji ya ɗauke shi.

Da yayana ya zo gaisuwa, ya ce yanzu ba abin da zai hana ni komawa wajen Fada in furta zunubaina in karɓi Jikin Almasihu. Na gode masa, don da ƙauna ya faɗa. Amma na ce teburin da aka jira ni a kansa zan je. Bayan damina na shiga kogin Challawa tare da sa'o'in 'ya'yana. Maman Talatu ce ta riƙe mini zane a bakin ruwa, tana kuka fiye da ni.

Yabo ga Ubangiji da ya fitar da ni daga gindin bishiya! Kunyar abin da na yi wa bawan Allahn nan ba ta gama barina ba, amma ba ta ƙara hana ni zuwa ba. Ke da kike zaune a waje, ko wace ƙofa ce ta rufe miki, kada ki yi shiru irin nawa. Ki yi magana, ki dogara ga Yesu, ki matso tun mai jiranki yana da rai.

Duk Lahadin jibi, idan faranti ya iso gabana, nakan ji abin da Ishaku ya ce mini ranar nan, da ɓarɓashin burodi a leɓensa:

"Marta, ɗan kaɗan na gutsura. Sauran na ajiye, sai kin zo."