Zarton da Ba Ya Jiran Wuta

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Ni kafinta ne a Dutsin-Ma.

Ranar Asabar na je Kurfi gyaran rufin ɗakin yayana, da sabon zartona mai batir. Ina kan tsani na hango Yaya ya ɗauki zarton, yana cire guntun katako daga haƙoran zarton da yatsu. Ɗaya hannun kuma yana kan makunni.

Na ce, "Yaya, ajiye shi!"

Ya yi dariya. "Kai dai matsoraci ne. Tun jiya aka ɗauke wuta, me zai tashe shi?"

Na ji tsoron yin ihu, kada ya firgita ya danna. Na sauko a hankali, na zare batirin.

Kullum nakan cire batir kafin in ajiye inji. Ranar na manta, kuma har yau ina faɗa wa kaina cewa laifina ne.

Yanzu Yaya ya aiko in ara masa zarton ya gyara garkensa. Ban taɓa hana shi komai ba, amma yatsunsa nake ji. Jama'a, me zan ce masa?