Filin da Na Ba Ubangiji

Salama gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ne Tanko, manomin tumatir a gefen Kadawa. Kun san ni a matsayin wanda ya ba da filin farko. Yau za ku ji ko wane irin fili ne.

Da gari ya fara cika da baƙi, zauren da muke sujada ya yi mana kaɗan. Dattawa suka ce lokaci ya yi da za a gina majami'armu ta Firesbiteriya, sai dai babu fili. Na miƙe na ce ga nawa. Aka yi ta tafi, har da guɗa.

Abin da ban faɗa ba shi ne filin yana gangaren kanal, magudanar ruwan noman rani. Duk sanda aka saki ruwa, yakan tsattsafo ta ƙarƙashi, tumatir ya ruɓe a tsaye. Dattawa sun zo dubawa ne lokacin da aka rufe ruwa don gyara, suka gan shi a bushe. Na ja bakina. Ina son yabo, ina kuma son rabuwa da ƙaya.

Gini ya kai taga, aka saki ruwa. Wata rana da hantsi bango ya rufto wa ƙanwata Ladi tana miƙa wa magina laka. Har yau ba ta sake takawa ba.

Mutane suka ce aikin Shaiɗan ne. Ni kuwa na san sunan shaiɗanin. Na koma wa burkutu, shekara biyu ba na iya haɗa ido da ita.

Wata Lahadi na je gaishe ta, na tarar tana addu'a: "Ubangiji, ka kwance bakin yayana." Na durƙusa ina kuka, na roƙi Allah gafara, na faɗa mata komai.

Ta ce, "Yaya, ba ni nake kai maka abinci gonar ba? Na sani. Na yi shiru ne don kar in kunyata ka gaban dattawa."

Wayyo, 'yan'uwa! Mutuncina ta rufa, da ƙafafunta ta biya.

Na tsaya gaban dattawa na furta laifina. Wannan sabuwar majami'ar da muke ciki a kan tudu, ni na haƙa harsashinsa, kuma tun ranar ban ƙara ɗaga ƙwarya ba. Ga Ladi can a layin gaba, kan kekenta.

Na gode wa Allah da ya kwance ni. Ku dogara gare shi, ku faɗi gaskiya tun bango bai tashi ba.